Tumakin Doris Galea Ba Sa Kwana da Yunwa

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina askin tumaki, daga manyan rumfunan aski da ke kewayen garin Hamilton har can arewa inda mutum zai yini bai ga inuwa ba, kuma ban taɓa haɗuwa da mai tumakin da ya ƙure min haƙuri kamar Doris Galea ba. Na yi wa masu tumaki dubu ashirin aiki mun rabu lafiya. Ita guda bakwai gare ta.

Sunana Merv Kealy. Tun da bayana ya ƙi, manyan rumfuna suka fi ƙarfina, sai na ɗora ƙaramin injin aski a bayan a-kori-kurata ina bin 'yan birnin nan da ke yin ritaya su sayi eka biyar ko goma a wajen Coleraine, su zuba tumaki don su cinye musu ciyawa. Samarin masu aski ba sa zuwa musu. Wa zai bar inda zai aske ɗari da hamsin a yini ya je ya yi kokawa da guda bakwai masu sunaye? Sai irina, wanda matarsa Glenys ta ce in ya ci gaba da zama a gida ɗayanmu zai kashe ɗaya.

A Melbourne aka haifi Doris, iyayenta mutanen Malta ne da suka zo a jirgin ruwa. Tana shekara goma sha tara ta shiga kicin ɗin wani asibiti tana wanke tukwane, ba ta fita ba sai tana sittin da uku, a lokacin ita ce shugabar kicin ɗin, ana ciyar da mutum ɗari huɗu sau uku a rana da umarninta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙuna. Mijinta Charlie mai walda ne, kuma shi ne mai mafarkin gona, ba ita ba. Sun sayi eka goma a hanyar Casterton, saura wata takwas su tare a can ya rasu. 'Ya'yanta suka ce ta sayar da filin. Ta ɗaure kayanta ta taho ita kaɗai, alhali ba ta taɓa shafa tunkiya mai rai ba.

A makonta na uku ta je kasuwar dabbobi. Wani marar tsoron Allah ya ga an samu baƙuwa, ya sauke mata tsofaffin tumaki bakwai, haƙoransu sun zube, ulun jikinsu ya kusa shekara biyu ba a taɓa shi ba. Da na tambaye ta daga baya me ya sa ta zaɓe su a cikin duk tumakin kasuwar, ta ce ai su suka fi rama. Ta raɗa musu sunayen matan da ta yi aiki da su a kicin. Akwai Lorna, akwai Maria Babba da Maria Ƙarama, akwai sauran da na manta. Wadda ta fi shiga ranta ita ce Bev, mai yagaggen kunne, wadda ke bin ta har bakin ƙofar kicin.

Sai ta shiga ciyar da su kamar marasa lafiyar da likita ya ce a yi wa ƙiba. Ciyawar filin ta kai gwiwa, amma ita a wurinta wannan ba abinci ba ne, tunda ba wanda ya dafa. Da safe hatsi, da rana ingirici, da yamma ragowar burodin da take karɓowa daga gidan burodi na gari, tsakani kuma biskit daga aljihun rigar girkinta. Kafin sanyi ya wuce sun zama kamar buhuna masu ƙafa.

A farkon Oktoba ta kira ni a waya. Na je na duba su, na ga ulun ya dunƙule, gindin kowace ya yi kaca-kaca da kashi saboda burodin nan. Na gaya mata gaskiya. In zafi ya shigo bayan ruwa, koren ƙuda zai zo ya yi ƙwai a cikin wannan ƙazantar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye tunkiya da ranta. Ulun nan dole ya sauka kafin Nuwamba ta yi nisa, in ba haka ba za ta binne su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce to, me ake jira?

Na ce abu ɗaya nake so a wurinta, wanda duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya sani tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Ana gobe aski, ƙarfe goma sha biyu na rana, a kulle su a rumfa. Ba ci, ba sha, kuma kada ruwan sama ya taɓa su, har sai na zo ƙarfe bakwai da rabi na safe. Tunkiyar da cikinta ya cika, in ka zaunar da ita a kan gindinta ka matse ta tsakanin gwiwoyinka, tumbin ya danne mata huhu, ba ta iya numfashi. Sai ta yi ta harbi, ta yi fitsari da kashi a kan daɓen katakon rumfar, mai aski ya zame da injin a hannu. Na ga wadda ta mutu a hannun mutum haka. Doris tana ta gyaɗa kai, har da rubutawa a bayan ambulan.

Ranar na iso na tarar da su a kulle, raina ya yi fari. Na kama ta farko, Maria Babba, na ji kamar na rungumi gangar mai. Na danna cikinta da yatsa, ya ƙi shiga. Na dubi Doris.

"Ɗan karin kumallo ne kawai, Mista Kealy," in ji ta. "Ko kai ba za ka yi aiki da yunwa ba."

"Su ba aiki za su yi ba, baiwar Allah. Ni zan yi."

Duk da haka na gwada, don na riga na ƙona mai na zo. Na sauke ulun cikin, ina juya ta sai ta sheƙa min fitsari a takalmi, ta kai min harbi a haƙarƙari, idanunta suka firfito, harshenta ya soma yin shuɗi. Na sake ta da sauri, bayana ya ba da wata ƙara da na ji har cikin haƙora. Na naɗe wayar injin ina ƙunƙuni. Kafin in tayar da mota Doris ta zuro min faranti ta taga, cike da irin fanken nan nasu na Malta mai cuku a ciki, pastizzi suke ce masa, da zafinsa. Na so in ƙi karɓa don ta san na yi fushi. Kafin in kai gadar rafi na cinye biyar.

Kwana tara na yi ina tafiya a karkace kafin na sa mata wata ranar. A wannan karon na sa ta maimaita min dokar a waya kamar 'yar makaranta. An kwana ana yayyafi, amma ban damu ba, tunda rumfarta tana da rufin kwano mai kyau. Ina shawo kwanar gidan na hango su a tsakiyar fili, su bakwai, suna kiwo hankali kwance, ruwa na ɗiga daga jikinsu.

Wai ta kulle su a kan lokaci. Wai sun yi ta kuka, Bev tana zuro kai ta tsakanin katako tana kallon tagar kicin. Wai da magariba ta ce bari ta buɗe musu na minti goma kawai su ɗan motsa ƙafa, sai suka ƙi komawa. Ulu mai tsawon shekara biyu in ya sha ruwa, sai ya yi kwana huɗu bai bushe ba, kuma duk wanda ya rungumi jiƙaƙƙun tumaki ya san irin ƙurajen da ke biyo baya. Na yi faɗan da ban yi irinsa ba tun ina saurayi. Na ce ta sayar da su ta sayi kyanwa. Na ce mutane irinta ne ke sa dabba ta wahala da sunan so. A ƙarshe na ce mata sau ɗaya ya rage, in na sake zuwa na tarar da ko ƙwayar hatsi ɗaya a bakin tunkiya, ta nemi wani, kuma ta sani babu wani daga nan har Hamilton. Ta shiga kicin ta fito min da farantin fanke. Farantin ma ranar na bar shi a kan ginshiƙin shinge.

Glenys ta ce na yi wa matar mutane rashin mutunci. Na ce ita ta je ta aske su. Ta ce da ta iya da ta je, kuma da ba ta dawo tana kukan baya ba.

Daga nan abubuwa suka haɗe min. Akwai wasu gidaje shida da na riga na yi wa alkawari, ga ruwa yana zuwa yana ɗaukewa, sai kuma zafi ya sauko lokaci guda, irin mai ɗumi da danshi. Duk safiyar da na ga koren ƙuda a gilashin mota sai tumakin Doris su faɗo min a rai, raina ya ƙara ɓaci. Na sa mata ranar Juma'a ta mako na biyu na Nuwamba. Ranar Talata da hantsi waya ta yi ƙara.

Doris ce, ta ce Bev ta ware kanta a gindin shinge, tana buga ƙafa, tana juyawa tana cizon bayanta, kuma ta ƙi biskit. Tun yaushe? Ta ce tun Asabar ta ga ta canza, ta zaci ciwon ciki ne, ta yi ta dama mata hatsi da ruwan ɗumi.

Tun kafin in ƙarasa wurin na ji warin. Na kwantar da ita, na buɗe ulun da almakashi, daga gindin wutsiya har kusan kafaɗa babu fata, sai tsutsa tana motsi. Ba ta ko yi yunƙurin tashi ba. Na taɓa ceto waɗanda ƙuda ya kama da yawa, amma wannan ta wuce nan. Na ce wa Doris ta shiga gida. Ta ƙi, ta durƙusa ta riƙe yagaggen kunnen nan har na dawo daga mota da bindiga, sannan ta matsa.

Mun haƙa ramin tare a bayan rumfa, ita da shebur, ni da diga ina cije baki saboda baya. Haushi ya cika ni, na tunkiyar, na kaina da ban zo da wuri ba, na wannan mata mai taurin kai. Bakina ya riga hankalina, na ce da an aske ta tun ranar farko da yanzu tana can tana kiwo, burodinki ne ya kashe ta. Ban yi ƙarya ba, amma da na sani na haɗiye.

Ta ci gaba da haƙa kamar ba ta ji ba. Sai da muka mayar da ƙasa ta jingina da shebur ɗin ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"A asibitin da nake dafa abinci Charlie ya kwanta. Hawa na uku. Ciwon maƙogwaro ne. Kwana goma sha ɗaya da takarda a saman gadonsa, kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa. Tiren kowa a hawan nan daga hannuna yake fitowa, Merv, ban da nasa. In na hau duba shi da warin miya a rigata, sai ya bi ni da ido. Bai taɓa roƙo ba. Ido kawai."

Ni ba mutumin irin wannan magana ba ne. Glenys ce ta iya. Na tsaya ina goge diga da ciyawa, alhali ba ta buƙatar gogewa. Abin da ya zo bakina shi ne, tumaki ba Charlie ba ne, su ƙarfe tara na safe za su ci har su ƙoshi.

"Ka tabbata?"

"Shekara arba'in da ɗaya ban ga wadda yunwar kwana ɗaya ta kashe ba. Ƙuda kuwa kin gani da idonki."

Ta ce to kada a jira Juma'a. Na duba sauran shidan a tsaitsaye, na yanke musu ƙazantar gindi da almakashi iya abin da bayana ya yarda, na kira mutanen da zan je wa ranar Alhamis na ɗaga musu.

Ranar Laraba ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan na je da kaina, don na daina yarda da alkawarinta, ita ma ta daina. Muka kora su rumfa, na kife kwamin ruwa, na sa kwaɗo a ƙyaure. Ba ni na nema ba, ita ta miƙo min makullin ɗakin hatsi. Ta shiga gida ta fito da buhu biyu na burodi da gwangwanin biskit ta zuba min a bayan mota. Har na tayar ta sake tsayar da ni, ta koma ta ɗauko rabin kabeji.

Kada ku zaci daga nan na huta. Ƙarfe biyu ta kira, wai Lorna tana lasar katako, ko alamar wani abu ne? Na ce alamar tunkiya ce. Ƙarfe huɗu ta kira, wai zafi ya yi yawa, ko a ɗan jiƙa musu baki da tsumma? Na ce suna cikin inuwa, kuma in ta kusanci rumfar da tsumma zan sani. Kira na uku na miƙa wa Glenys wayar na fita tsakar gida. Glenys ta ce mata ta zo ta kwana a wurinmu don kada ta ji kukan. Ta ce a'a, ba za su yi ta kira babu kowa a gidan ba.

Da safe na iso bakwai da kwata. Na tarar da ita zaune a kan kifaffen bokiti a ƙofar rumfar, ta juya musu baya, ta rufe kunnuwanta da manyan matosan nan da Charlie ke sawa in yana yankan ƙarfe. Tumakin suna ta kururuwa a bayanta. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, idanunta sun yi ja. Ta tagar kicin na hango butar shayi a kan murhu, ba ko tururi, abin da ban taɓa gani ba a gidan nan.

Ban yarda ba sai da na gwada. Na bi su ɗaya-ɗaya ina danna ciki, duk sun lafe. Na duba kusurwoyin rumfar ko an cusa wani abu ta ƙarƙashi, babu. Na ce ta zazzage aljihun rigar girkinta. Ta juyo shi, garin biskit ya zubo a ƙasa. Guda ɗaya ta ɓoye min jiya, ta yini ta kwana tana murza shi a cikin aljihu har ya zama gari, ba ta bayar ba. Na take garin da takalmi.

Aikin da ya ci mana mako shida da ran tunkiya ɗaya, awa ɗaya da rabi ya ɗauka. Suna zama tsakanin gwiwoyina lakwas, ulun yana sauka kamar bargo. A ƙarƙashin na Lorna, a saman cinya, na tarar da tsutsa sabuwar ƙyanƙyasa, wuri kamar tafin hannu. Na kira Doris ta gani, na aske kewayen ƙwal, na zuba magani. Da an ƙara kwana uku da mun sake haƙa rami. Maria Ƙarama ma an fara mata. Doris tana kwashe ulu tana share katako ba tare da an ce mata ba, kuma sharar tata ta fi ta yawancin waɗanda na yi aiki da su.

Ina kashe injin na ba ta makullinta. Ta tafi ɗakin hatsi kusan da gudu, ta ciko bokiti har yana zuba, ta zo ta tsaya a bakin ƙyaure tana kiran sunayensu. Na duba agogo, tara saura minti biyar. Na buɗe.

Suka fito farare, tsirara, suna tsalle kamar 'yan raguna saboda nauyin da aka sauke musu. Suka wuce ta, uku ta dama uku ta hagu, ko kallon bokitin ba su yi ba, suka nufi inda ciyawa ta fi kore suka sa kai. Ta karkaɗa bokitin. Ta kira Lorna sau biyu. Babu wadda ta ɗago.

Ta daɗe a tsaye da bokitin a hannu. Ni kuma na sunkuya ina naɗe wayar injin a hankali, don ban san inda zan sa idona ba. Can ta ajiye shi a ƙasa, ta goge hannuwanta a jikin riga, ta juyo.

"Kai fa, Merv? Ka karya?"

Kafin in fito daga gida da safe Glenys ta cika ni da ƙwai uku da soyayyen nama da burodi, har sai da na sassauta bel a mota. Na dubi busassun leɓɓan nan, na ce ban sa komai a bakina ba tun jiya.

Ta shiga gaba na bi ta a karkace. Ta kunna murhu, ta ɗora buta, ta buɗe kabad ta sauko da faranti biyu.